Ciwon Baya da Ciwon Damuwa: Abin da Hoton Asibiti Ba Ya Nunawa

Ƙanen mahaifiyata ya fi shekara ashirin yana noman rani a fadamar Kwalkwalawa: albasa, tattasai, da 'yar shinkafa idan ruwa ya yi kyau. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaga injin ban ruwa shi da ɗansa, sai ya ji kamar an soka masa mashi a ƙugu. Kowa ya ɗauka abin kwana goma ne. Mai ɗori ya zo ya murza, wanzami ya yi ƙaho, aka sayo maganin basir wurin masu shela da amsa-kuwwa a bakin kasuwa, aka je kemis aka haɗo ƙwayoyi kala-kala a ƙullin leda. Rani ya wuce, damina ta sauka ta ɗauke, wani ranin ya sake zagayowa, baya bai saki ba.

Tafiyarsa a karkace ba ta dame ni kamar sauyin halinsa ba. Mutumin da majalisa ba ta daɗi sai da shi, ya daina fitowa ƙofar gida. Tuwo sai an yi da gaske yake taɓawa. Rediyonsa da ba ya rabuwa da ita ta yi ƙura a kan taga. Jikansa na yin kuka sai ya daka masa tsawa, abin da ba mu san shi da shi ba. Ka ce masa, "Kawu, ya ƙarfin jiki?" amsar ba ta canzawa: "Bayan ga na, ɗana. In bayan ga ya bari, shi ke nan." Mu ma muka yarda. Kusan shekara biyu muna jinyar baya, babu wanda ya lura cewa wani ciwon ya shigo gidan ya zauna tare da na farko.

Likitoci suna kiran ciwon baya mai daɗewa idan ya haura wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Babu wata cuta a duniya da ta kai shi hana mutane aiki da walwala. Ciwon damuwa kuwa, wanda yake kama kimanin kashi 5 cikin 100 na manya, ya wuce ɓacin ran da kowa ke yi idan an yi masa rasuwa ko asara. Ƙunci ne da ke wuni da mutum kusan kullum har sati biyu ko fiye, ya ɗauke masa jin daɗin abin da a da yake so, ya dagula barci da cin abinci, ya sa kasala, ya sa mutum ganin kansa kaya ne a wuyan iyalinsa. Idan ya yi tsanani, har ya riƙa jin gara mutuwa.

Cewa cututtukan nan biyu abokan tafiya ne, an daɗe da tabbatar da shi, kuma ɗan ƙasarmu na cikin waɗanda suka yi aikin. A 1998 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka gudanar a cibiyoyi 15 cikin ƙasashe 14, har da Ibadan. Sun gano kashi 22 cikin 100 na masu zuwa ganin likita suna ɗauke da ciwon jiki mai daɗewa, ciwon baya na sahun gaba, kuma waɗannan mutane sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen kamuwa da ciwon damuwa ko fargaba. Da aka sake bibiyar su bayan shekara guda, sai abin da ya fi muhimmanci ya fito. Mai ciwon jiki yakan wayi gari da ciwon damuwa, mai ciwon damuwa kuma yakan wayi gari da ciwon jiki, kuma ƙarfin jan kusan ɗaya ne ta kowane ɓangare. Hanya ce mai zuwa da dawowa.

Hanyar da ta tashi daga baya zuwa zuciya ba ta buƙatar dogon bayani ga duk wanda ya san yadda ake neman abinci a Sakkwato. Ɗan dako a kasuwar Kara, ɗan kabu-kabu da ke wuni yana faɗawa ramuka, mai tura kurar ruwa, birkila, dukawa da teloli masu wuni a duƙe, duk jarinsu gadon bayansu ne. Ranar da baya ya ƙi, ranar cefane ya tsaya, kuma babu albashin jinya da zai biyo su gida. Daga nan sai bashi, sai sayar da akuya, sai kuɗin makarantar yara ya gagara. Magidancin da aka saba ganin yana shigowa da leda a hannu ya koma jiran abin da ƙanensa zai aiko. A al'adarmu wannan kaɗai ya isa ya karya zuciyar namiji. Ga abin da ba a faɗa a fili: ciwon baya yakan shiga tsakanin miji da mata a shimfiɗa, kunya ta hana kowa magana, zargi ya maye gurbin hira. Ga barci, wanda a watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko mai lafiya da ƙyar yake samunsa, balle wanda kowane juyi sai ya farkar da shi. Rashin barci kuwa yana ƙara zafin ciwo washegari, yana kuma rage haƙuri.

Akwai wata asara da na ga ta fi cin Kawu a rai, wadda littattafan likitancin Turawa ba su cika ambata ba. Ruku'u da sujada sun gagare shi. Mutumin da ya saba sahun farko ya ga ba zai iya zama kan kujera a gefen masallaci yara na kallonsa ba, sai ya koma salla a ɗaki. Da barin jam'i ya bar gaisawar bayan sallar asuba, ya bar jin labarin gari, ya bar zuwa jana'iza da ɗaurin aure. Kaɗaici ya samu ƙofa.

Mata kuma nasu ya ninka. Daka, jan guga, goyo, shara a sunkuye da gajeriyar tsintsiya, haihuwa kusa da kusa, duk a kan ƙugu ɗaya. Ciwon damuwa ya fi yawa a mata a duk duniya, amma mace a gidan aure idan ta ce ranta ba daɗi, abin da za ta fara ji shi ne ta gode wa Allah. Idan ta ce bayanta, a nan ne ake ba ta kuɗin mota zuwa asibiti. Haka ma 'yan'uwanmu da ta'addancin 'yan bindiga ya koro daga yankunan Isa da Sabon Birni, waɗanda suka bar gona da dabbobi suka dawo kwana a kan siminti a gidajen dangi. Wanda ya zo da ciwon baya daga cikinsu, da wuya a ce baya kaɗai ke ciwo.

Hanyar dawowa, wato daga zuciya zuwa baya, ita ce mutane suka fi kasa yarda da ita, domin suna jin kamar ana ce musu ƙarya suke yi. Sam ba haka ba ne. Zafi ba a wurin da aka ji rauni ake haɗa shi ba. Jijiyoyi suna ɗauko saƙo daga baya su bi ta laka su kai ƙwaƙwalwa, ita ce ke yanke hukuncin yawan zafin da mutum zai ji. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa, wadda kan buɗe ko ta tsuke wa wannan saƙo, kuma ƙwaƙwalwa na iya aiko da umarni daga sama a rage shi. Shi ya sa ɗan dambe ko ɗan kokawa kan ji rauni a fage bai sani ba sai an tashi. Sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aiki da su wajen tsuke wannan ƙofa, sirotonin da noradiranalin, suna cikin waɗanda ke daidaita yanayin zuciya da barci. Idan damuwa ta yi wa mutum katutu, mai gadin ƙofar ya yi rauni, saƙon da a da ba zai wuce ba sai ya shige da ƙarfinsa. Idan kuma ciwo ya daɗe, jijiyoyin kansu sukan zama masu saurin firgita, kamar karen da aka taɓa yi wa sata a gida, ko ganye ya motsa sai ya yi haushi.

Masu bincike a Jami'ar Northwestern da ke Shikago a Amurka sun bi wasu mutane masu sabon ciwon baya tsawon shekara guda suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. A sakamakon da suka fitar a 2012 da 2013, sun nuna cewa waɗanda ciwonsu ya ƙi tafiya, aikin ciwon a ƙwaƙwalwarsu ya tashi daga sassan da ke jin zafi ya koma sassan da ke kula da tsoro da shauƙi da ɓacin rai. Ciwon na gaske ne, sai dai ya sauya mazauni. Wanda ya ci gaba da neman sa a ƙashi kaɗai zai daɗe yana nema.

A nan ne maganar hoto ta shigo. Mutanenmu sun yi imani da hoto ƙwarai, har mutum ya sayar da rago don a saka shi cikin na'urar MRI. Amma kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙasan baya ba a iya nuna takamaiman abin da ya jawo shi. Wani abin mamaki kuma, a 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 da babu abin da ke damunsu, sai aka ga fiye da rabinsu guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya bultso a wuri ɗaya ko fiye. Wani nazari na 2015 ya nuna alamun zaizayewar wannan guringuntsi a kashi 37 cikin 100 na masu shekara 20 da ba sa jin ciwo, da kashi 96 na masu shekara 80. Furfura ce ta cikin jiki. Saboda haka hoto yakan cuci mai ciwo ta fuska biyu. In bai nuna komai ba, a ce masa lafiyarsa ƙalau, ya koma gida dangi na yi masa kallon rago, shi kuma ya fara tunanin sammu ko jifa. In ya nuna wani abu, a ce masa ƙashin bayansa ya goge, kalmar ta zauna masa a rai, ya ɗauka duk motsin da zai yi ƙara lalata kansa yake yi. Sai ya kwanta. Kwanciya ta saki naman baya da na ciki, jiki ya yi tsami, ranar da ya gwada tashi ciwon ya fi na da, ya ce ai ga shi nan. Tsoro ya kawo zama, zama ya kawo rauni da kaɗaici, su kuma suka ciyar da damuwa, damuwa ta ƙara buɗe ƙofar zafi. A cikin wannan da'ira Kawu ya yi ta zagaye.

Wasu na cewa Bahaushe ne bai san ciwon damuwa ba, shi ya sa yake kai kukan jiki. Ban yarda ba. Daga wancan binciken na ƙasashe 14, an fitar a 1999 cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa da ciwon jiki kaɗai suka zo wurin likita, kuma abin ya fi yawa a wuraren da majinyaci ba shi da tsayayyen likitan da ya saba da shi. Amma da aka tambaye su kai tsaye game da halin zuciyarsu, kashi 11 ne kawai suka musanta. Ashe mutane ba ɓoyewa suke yi ba, tambayar ce ba a yi musu. Harshenmu cike yake da kalmomin: zuciyata ta yi baƙi, raina a jagule, ƙirjina ya yi nauyi, tunani ya yi mini yawa, duniya ta ishe ni. Wanda ya yi layi tun asuba, ya samu minti uku gaban likitan da bai taɓa gani ba, ga mutum hamsin a bayansa, da abin da ya fi sauƙin faɗa zai fara. Ga kuma tsoron suna. A garin nan, da an ce "an kai shi Kware" an gama da mutum, har auren 'ya'yansa sai abin ya shafa, alhali Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana duba masu rashin barci da fargaba da damuwa waɗanda ke zuwa da ƙafarsu su koma gida a ranar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren a nan tiramol ne. Akwai dalilin da ya sa ƙwayar nan ta kama 'yan ƙwadago kamun kazar kuku. Bayan kashe zafi irin na dangin ofiyom, wato magunguna masu ƙarfi da jiki ke saurin sabawa da su, tana taɓa sirotonin da noradiranalin ɗin nan, don haka na ɗan lokaci takan ɗaga zuciya tare da kwantar da baya. Mai ciwo biyu ya sha ƙwaya ɗaya ya ji duka sun lafa, me zai hana shi komawa? Sai jiki ya saba, a tashi daga miligiram 50 ko 100 da likita ke rubutawa a koma 225 na bayan fage, sai farfaɗiya, sai ranar da babu ita ciwon da ƙuncin su dawo a ninke. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Na tabbata a cikinsu akwai masu yawa da ba nishaɗi ya kai su ba, buhu ne ya kai su. Haɗin kemis ma ba kanwar lasa ba ne: dikilofenak da ibufurofen idan aka daɗe ana sha suna cin ciki su taɓa ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana da ƙarancin ruwa.

Kada wani ya fahimce ni a karkace ya ce duk ciwon baya tunani ne. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Akwai daji, akwai ciwon ƙoda, akwai sikila. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, ko ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka riƙa kufcewa ko suka ƙi fita, wannan na gaggawa ne. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko na ƙashi da ke Wamakko, ba tare da tsayawa wurin mai ɗori ba.

Idan likita ya kore waɗannan, abin da ya rage shi ne a yi jinyar mutum gaba ɗayansa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko kan ciwon ƙasan baya mai daɗewa. Ta fifita wayar da kan majinyaci game da ciwonsa, motsa jiki, tausa da wasu dabarun likitocin gashin ƙashi, da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam don sauya yadda mutum ke kallon ciwon. Ta ce kada a mayar da ɗamarar baya, da jan baya da na'ura, da magungunan dangin ofiyom abin yau da kullum. Tafiya da ƙafa, wadda ba ta cin ko sisi, an gwada ta a Ostireliya kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya: a sakamakon 2024, waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Motsa jikin nan kuma magani ne ga damuwa ita kanta. Magungunan damuwa kuwa, a kan ciwon baya zalla amfaninsu kaɗan ne, amma idan ciwon damuwa ya tabbata suna da muhimmanci, domin wanda zuciyarsa ta mutu ba zai tashi ya yi atisayen da aka ce ya yi ba. Sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a yanke su farat ɗaya, kuma haɗa su da tiramol haɗari ne, dole likita ya sani.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta haifo su dare ɗaya ba. A ganina aikin yana hannun wanda mai ciwon baya ke fara gani: ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, nas, likitan gashi. Tambaya biyu ce, ba ta cin minti ɗaya. A sati biyun nan, kana yawan jin ƙunci ko yanke ƙauna? Abubuwan da ka saba jin daɗinsu, har yanzu suna yi maka daɗi? Mu ma a gida za mu iya yin su. Idan kuma mutum ya fara cewa gara ya huta da duniya, kada a ce ya yi istigfari kawai a tashi. A zauna da shi, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.

Masu ganin ciwon damuwa raunin imani ne, ina roƙon su sake duba abin da ke hannunmu. Hadisin da ya yi bushara da kankarar zunubi ga mumini ya jera gajiya da cuta tare da damuwa da baƙin ciki a layi ɗaya, har zuwa ƙayar da ta soke shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Da Imrana ɗan Husaini ya kai kukan basir, aka ce ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani masani Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, ya yi rubutu kan yadda cutar jiki ke taɓa rai, ta rai kuma ke taɓa jiki, har ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauka babu dalili, ya ce na biyun yana buƙatar magani. A nan garin ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani. Haƙuri da addu'a ba su taɓa hana neman magani ba.

Kawu, wata matashiyar likita ce ta tsayar da rubutu ta dube shi ta ce, "Baba, kana samun barci kuwa? Me ke zuwa maka a rai in ka farka cikin dare?" Ya yi shiru har muka ɗauka bai ji ba. Can ya ce, "Ɗiyata, ni dai na gaji da zama kaya." Shekara biyu muna tare da shi, ba mu taɓa jin wannan ba. Ta ɗora shi kan maganin damuwa, ta tura shi wurin masu gashi, ta ce ya fara da tafiya zuwa masallaci ya dawo, ko da a kujera zai yi sallar. Limamin unguwa ya sa aka ajiye masa kujerar a ƙarshen sahun farko. Wata na farko ba mu ga wani canji ba, har ya so ya bari. A na uku ya nemi a saya wa rediyonsa batir.

Bayansa bai warke sarai ba, kuma da sanyin hunturu yakan motsa masa har ya kwana biyu bai fita ba. Injin ban ruwa ya bar wa yara. Yanzu da safe ɗansa ke ɗaukarsa a babur zuwa fadama, ya zauna ƙarƙashin rumfa yana ware albasa, manya gefe, ƙanana gefe, yana ciniki da dillalai.